Taragan Da Ke Jiran Gyara

Akwai wata sha'awa da ta kama manya da yawa a Jamus da Birtaniya da Amurka da Japan, wadda in Bahaushe ya fara jin labarinta sai ya yi dariya. Mutum da furfurarsa, wani likita ne, wani tsohon direba da ya ajiye aiki, sai ya ware ɗaki guda a gidansa ya shimfiɗa layin dogo a kan tebur, ya gina tasha da gada da tsaunuka na kwali da filasta, ya zauna yana tuƙa jirgin ƙasan da kansa bai wuce a ɗora a tafin hannu ba. Dariyar takan ragu in an ga kayan da ido. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda suke kira HO, an rage komai sau 87: kan jirgi mai tsawon mita 20 ya dawo santimita 23, tazarar ƙarafan dogon biyu kuma milimita 16.5. Wutar lantarki ce ke bi ta cikin dogon, tayoyi su ɗebo ta su kai wa ɗan injin da ke ciki. Harkar kuwa ba ta yau ba ce. Kamfanin Märklin na Jamus tun 1859 yake, Lionel na Amurka tun 1900, Hornby na Ingila ya fara fitar da jiragensa a 1920. A birnin Hamburg ma akwai wani gida da wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, Miniatur Wunderland, inda dogon da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15, jirage fiye da 1,000 suna kai da kawowa, jama'a na biyan kuɗi su shiga kallo.

Mujallun masu wannan sha'awa cike suke da hotunan jirage a kan gada, jirage na fitowa daga ramin dutse, fitilu na walwali. Abin da ba a cika ɗauka a hoto ba shi ne kantar da ke ƙarƙashin tebur, ko wani guntun layi can ƙuryar bango, inda ake jera waɗanda suka samu matsala. Kusan kowa yana da tasa. Wani kwalin takalmi ne, wani aljihun tebur, wani kuwa kanta biyu ce cur: kan jirgi an cire masa murfi wayoyi sun barbaje, tarago a kwance a gefensa ba tayoyin gaba, wani lafiya ƙalau a ido amma an juya shi yana kallon bango. Duk sunansu ɗaya, masu jiran gyara.

Laifukan da ke kai su can, in ka ji su sai ka raina. Ɗauki ƙugiyar da ke haɗa tarago da ɗan'uwansa. Wadda Amurkawa suka fi so ta kamfanin Kadee ce, an ƙera ta kamar hannu a dunƙule, da wani ɗan sifirin a gefe mai riƙe bakinta a rufe, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da sifirin ɗin ya fice, ƙugiya ta saki, rabin jirgi ya yi gaba ya bar rabi a baya. Mayar da shi aikin minti biyu ne ga wanda ya iya: a tsire shi da tsinin 'yar wuƙa, a dosa baki ɗaya, a matse, a saki a hankali. Amma da hannu ya yi rawa kaɗan sai ya yi tsalle ya faɗa cikin kafet, an yi sallama da shi ke nan. A ƙarƙashin ƙugiyar kuma akwai wata lanƙwasasshiyar waya da maganaɗisu ke ja idan ana son raba taragai. In ta sauko ƙasa kaɗan fiye da ƙa'ida, sai ta riƙa tuntuɓe da mararrabar dogo tana kifar da tarago.

Wani nasa laifin rashin nauyi ne. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, da aka kafa a 1935, ta ba da shawarar cewa taragon HO ya kai oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawonsa. Tarago mai inci 6 ke nan oza 4, wajen giram 113. Wanda bai kai ba, in aka sa shi a tsakiyar dogon jirgi, da an shiga kwana sai na gaba su ja, na baya su riƙe, shi kuma ya tashi sama ya bar dogo. Maganinsa 'yan ƙarafa ne a liƙa masa a ciki. Wani kuwa tayoyinsa ne suka matso da juna ko suka buɗe da abin da ido ba ya gani, sai an ɗora ɗan farantin awo na ƙarfe kafin a gane.

A kawunan jirgi, ciwon da ya fi suna shi ne tsagewar giya, wato faifan robar nan mai haƙora da ake dannawa a jikin sandar tayoyi. Roba na tsukewa da shekaru, ƙarfen da ke cikinta kuwa ba ya tsukewa, sai wata rana ta tsage. Jirgin yana tafiya dai, amma duk juyin taya sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, yana ɗingishi. Mai shi ya saurara, ya girgiza kai, ya ɗaga shi daga kan dogo ya kai kanta.

Ɗagawar nan daidai ce, kar a ce na zo kushe ta. In ana tuƙi tare, tarago ɗaya mai kifewa yakan ɓata wa mutum goma zamansu na yamma, don duk lokacin da ya faɗi sai an tsayar da kowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu ƙananan jiragen ma daga manya suka ɗauko ɗabi'ar. A reluwen Amurka, in mai duba taragai ya ga birki ya ci, ko taya ta tsage, yakan maƙala wa taragon kati mai nuna bai cancanci tafiya ba, a zare shi daga jirgi a tura shi layin gyara. Can kuma in ma'aikata za su shiga ƙarƙashinsa sai su kafa shuɗiyar alama, wadda doka ta ce ba mai cire ta sai rukunin da suka kafa ta. Abin da ke faruwa in mai ciwo ya ci gaba da gudu an gan shi a East Palestine ta jihar Ohio ranar 3 ga Fabrairun 2023: boris na tarago ɗaya ya yi zafi har ya ci, taragai 38 suka sauka daga dogo, wasu ɗauke da sinadarai masu guba, aka kwashe mutanen gari daga gidajensu.

To, matsalar daga kantar take farawa. Layin gyara na manyan jirage yana da mai tambaya, domin tarago a tsaye asarar kuɗi ce kullum. Kantar ɗaki ba ta da mai tambaya sai mai ita, shi kuwa hankalinsa na wani wuri. Sayen sabo ya fi gyaran tsoho daɗi, kowa ya san wannan. Sabo yana zuwa da ƙamshin kwali da zumuɗin buɗewa, gyara kuwa sai an sa gilashin ƙara girma, an sunkuya, an nemi hantsaki. Kamfanoni ma sun gane lagon masu saye: yawancin kayan yanzu a Sin ake ƙera su, ana fitar da su kashi-kashi, in kashin ya ƙare sai bayan shekaru ko ma shi ke nan. Saboda haka kuɗin da aka ware don kayan gyara sai ya tafi wajen kama wani sabon kai kafin ya ƙare a kasuwa. Shi ma bayan shekara biyu ya fara nasa ƙas, ƙas.

Wani abin mamaki kuma, iri biyu ne suka fi daɗewa a kanta. Akwai masu ƙaramin laifi, waɗanda ake ce wa ai wannan ba wani aiki ba ne, ko yaushe na zauna zan yi, kuma don ba wani aiki ba ne ba a taɓa ware masa rana. Akwai kuma mafi tsada da mafi soyuwa, kamar kan jirgin da mutum ya gada wurin mahaifinsa, wanda yake tsoron buɗewa kar ya ƙarasa shi. Wannan jira yake sai hannu ya ƙware, sai an sayi kayan aiki na kirki, sai an yi ritaya an samu natsuwa. Masu matsakaicin laifi da matsakaiciyar daraja su ne ke samun hannu da wuri.

Mai kantar yana ɗauka abin da ya ajiye yana nan yadda ya bar shi. Nan ne kuskuren yake. Giris da man da ke cikin inji bushewa suke yi su daskare, sai ranar da aka tuna da jirgin aka ɗora shi a dogo aka ba shi wuta, giya ta ƙi juyawa, inji ya yi ta kuka har ya ƙone. Zoben robar da ake sa wa wasu tayoyi don su kama dogo yakan bushe ya farfashe. Soson da ke cikin tsofaffin kwalaye yakan ruɓe ya manne wa fenti, in an ɓamɓare ya taho da rubutun jikin tarago. Mafi muni shi ne cutar tutiya. Gangar jikin kawuna da yawa da wani haɗin ƙarfe mai tutiya ake zuba ta, kuma in dalma ta gauraya da shi wajen narkawa, bayan shekaru sai ƙarfen ya kumbura, ya lanƙwashe, ya tsattsage, har ya riƙa marmashewa a hannu. Danshi na ƙara mata sauri, kuma ba ta da magani. Wanda ya duba da wuri yana iya neman wata gangar tun ana samu, wanda ya bari sai ya tarar ta riga ta fasa murfin da ke kanta.

Duk da haka, a ganina ba ƙarfe ko roba ne ke fara lalacewa ba. Tunanin mai kayan ne. Ranar da ya ɗaga taragon ya san laifinsa sarai, har inda ya faɗi da yadda ya faɗi. Bayan wata shida sai dai ya tuna cewa yana da wata matsala. Bayan shekara uku ya ɗauko shi ya jujjuya, bai ga komai ba, kuma bai yarda ya mayar da shi kan dogo ba, tunda dai ba banza aka ajiye shi ba. Aikin minti biyu ya zama aikin bincike na yini guda, wanda ya fi na da wuyar farawa. Notunan da aka kwance aka zuba a murfin kwalba sun gauraye da na wani. Takardar da ke nuna yadda ake harhaɗa shi ta bi shara.

Daga nan sai aron kaya ya shigo. Wani kan da ke aiki ya ƙona ƙwan fitila, ga irinsa a kanta yana zaune, ai sai a ara. Gobe a ari ƙugiya, jibi tayoyi. Duk wanda ya taɓa barin mota a gareji ya san wannan tafiya. Ta shigo da ciwo ɗaya, bakanike ya ce, "Alhaji, kayan ne babu a gari, amma in sha Allahu mako mai zuwa." Mako ya zama wata, aka ɗora ta a kan duwatsu, wani mai sauri ya zo aka ara masa batir, wani aka ara masa madubi. Ranar da Alhaji ya zo da kayan da ake nema, sai yaron gareji ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai fa yanzu akwai sauran abubuwa." Ba wanda ya yanke shawarar kashe motar. Kowa aro ya yi, da niyyar mayarwa.

Abin da kulob-kulob na masu ƙananan jirage suka gano, waɗanda suka daɗe ana tuƙi tare, shi ne ɗan kati. Ba a kai tarago kanta hannu rabbana. Sai an rubuta lambarsa, da ranar, da abin da ya yi, da wurin da ya yi shi, a ɗaura masa ko a sa su tare a leda da duk abin da aka kwance daga jikinsa. Rubutun bai wuce layi biyu ba: ƙugiyar baya ta yi ƙasa, yana saki a gangaren bayan gada. Mutumin da bai taɓa ganin taragon ba yana iya ɗaukarsa ranar Asabar ya gama da shi kafin shayinsa ya huce.

Rubuta wurin da abin ya faru yana da wani amfani da ba a zato. Masu harkar suna da ƙa'idar da suke bi: in tarago ɗaya yana faɗuwa a wurare dabam-dabam, laifinsa ne, in kuwa taragai dabam-dabam suna faɗuwa a wuri ɗaya, laifin dogo ne. Kati biyar su taru duk suna ambaton mararraba ɗaya, sai a bar taragan a je a duba mararrabar, a tarar ƙarfenta ya ɗan ɗaga ko wani ɗigon gam ya bushe a ciki. Inda ba a rubutawa, taragai biyar ɗin nan suna can a kanta shekara da shekaru ba su ci ba ba su sha ba, mararrabar kuwa tana nan tana ƙara turo wasu. Na tabbata a kowace babbar kanta akwai irinsu.

Abin lura a nan, kalmar "ya lalace" ba ta gyara komai, kuma da ita muka fi ajiye abubuwa. Shiga sito na makaranta ko na ofis ko na asibiti ka tambayi na'urar da ke ƙarƙashin ƙura, amsar ke nan za a ba ka. Me ya lalace a ciki? Wanda ya sani an yi masa canjin wurin aiki. Mu da ba mu saba da jirgin tebur ba mun saba da manyansa: dogo ya iso Kano tun 1911, kuma wanda ya taɓa ratsawa ta bayan tsofaffin tashoshinmu ya ga taragai a layin gefe ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyinsu. Kowane ɗayansu akwai ranar da aka tura shi can saboda wani dalili ƙwaya ɗaya da wani ya sani. Ajiye abu da sunan gyara alkawari ne, kuma alkawarin da ba a faɗi abin da za a yi ba, ba a faɗi wanda zai yi ba, da wuya a cika shi. Gara ma mutum ya fito fili ya ce wannan ba zan gyara ba, ya kwance kayansa da gangan ya jera a gwangwani mai suna, ko ya sayar wa mai hannu. A kasuwannin da masu sha'awar ke ci lokaci-lokaci akwai kwalaye a ƙarƙashin tebura cike da irin waɗannan, ana sayarwa da arha, kuma akwai mutanen da ba abin da ke kawo su sai su. Yanzu ma da na'urar da ke zuba roba daga zanen kwamfuta, giyar da kamfani ya daina yi tun tuni wani yana iya fitar da ita a ɗakinsa.

Gaskiya ne akwai inda jinkiri ya zama alheri, kuma babu misalin da ya kai na garin Barry a kudancin Wales. Lokacin da hukumar jiragen Birtaniya ke watsar da kawuna masu tururi, aikin da ta kammala a 1968, wani ɗan gwangwan mai suna Dai Woodham ya sayi 297 don ya yayyanka. Sai dai a lokaci guda yana samun tsofaffin taragan kaya, waɗanda suka fi sauƙin yanka da saurin kawo kuɗi, saboda haka ya jera kawunan a layukan gefe ya ce sai ya gama da taragai. Bai gama ba har masu son jirgin tururi suka farga, suka fara tara kuɗi suna zuwa saye ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta wa wanda suka kama suna da fenti. Na farko ya fita a 1968, na ƙarshe a 1990, jimilla 213. Babban kaso na jiragen tururin da ke yawo da 'yan yawon buɗe ido a Birtaniya yau daga wannan fili suka fito.

Amma a dubi abin da jiran ya ci. Filin a bakin teku yake, iskar gishiri ta yi shekara ashirin tana cin ƙarfe. Wanda ya sayi kai ɗaya yakan kwance kayan na kusa da shi don ajiya, ɓarayin tagulla suka kwashi nasu. Waɗanda suka fita da wuri cikin 'yan shekaru suka tashi, na ƙarshe-ƙarshe kuwa ƙwarangwal aka ɗauko, kuma har yau akwai waɗanda ba a sake hura musu wuta ba, sun dai canza wurin jira ne.

A cikinsu akwai mai lamba 71000, Duke of Gloucester, wanda aka ƙera a Crewe a 1954, shi kaɗai a irinsa. Ma'aikata ba su so shi ba. Yana cin kwal kamar me, tururin kuwa ba ya isa. An gwada shi an ga haka, amma lokacin hankalin hukuma ya riga ya koma kan dizal da lantarki, ba a bi diddigi ba. Shekara takwas kacal ya yi aka ajiye shi a 1962, aka cire masa silindojin waje aka kai ɗaya gidan adana kayan kimiyya na Landan, gangar ta ƙare a Barry. Da wasu suka saye shi a 1974, mutane da yawa sun ɗauka aikin banza suka ɗauko. Wajen harhaɗa shi ne, suna aunawa suna gwadawa da lissafin ƙirarsa, suka gano bututun hayaƙinsa ya yi ƙanƙanta, kuma ƙofofin da iska ke bi ta kaskon toka zuwa wuta ba su kai girman da ya kamata ba. Tun daga masana'anta a shaƙe yake. Suka sake masa bututu, suka ƙera sabon kasko da sababbin silinda, ya tashi a 1986, daga baya ya koma jan taragan fasinja a manyan layukan ƙasar da ƙarfin da ba a taɓa ganin ya nuna ba a zamanin aikinsa.